Nasiha ga Masu Gyaran Waya: Ku Kiyayi Ƙofar Kanel

Ya ku 'ya'yana masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, da ku masu koyon kwamfuta a shagunan Gyadi-Gyadi, Allah Ya yi wa sana'arku albarka. Ku ba ni aron kunnuwanku, mu yi magana kan wani wuri a cikin waya da hannunku ke iya kaiwa amma mai ita ba ya gani.

A tsakiyar babbar manhajar kowace waya ko kwamfuta akwai abin da ake kira kanel, kuma wayoyin Android na Linux suke amfani da shi. Manhajar banki ko WhatsApp ba ta da ikon taɓa kyamara ko ma'ajiya da kanta, sai ta roƙi kanel ya buɗe mata fayil ko ya aika mata saƙo. Kamar baƙo ne a zaure, ba ya kutsawa cikin gida, sai ya yi sallama a shigar da buƙatarsa. To, idan wani ya zauna a bakin ƙofar yana tare kowace buƙata da kowace amsa, ya ji sirrin gidan kaf, kuma yana iya sauya magana a hanya. Ko manhajar tsaro ce ta nemi jerin fayiloli, sai ya miƙa mata jerin bayan ya cire sunansa.

An taɓa yin haka. A shekarar 2005 kamfanin Sony BMG ya saka wata ɓoyayyiyar manhaja a faya-fayan waƙa don hana kwafa. Tana shiga Windows sai ta tare kiraye-kirayen kanel, duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$ ya ɓace wa ido. Wani mai bincike, Mark Russinovich, ya tona asirin a ƙarshen Oktoba, kuma kafin a yi nisa masu ƙirƙirar mugayen manhajoji suka fara raɗa wa nasu fayilolin wannan suna, suka fake a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dole kamfanin ya janye miliyoyin faya-fayai daga kasuwa.

Kyakkyawar niyya ma ba ta isa ba. A 2007 Robert Watson na Jami'ar Kambrij ya nuna yadda ake yaudarar manhajojin da ke gadin wannan ƙofa: sai sun duba buƙata sun amince, a sauya ta kafin kanel ya karanta. Ranar 19 ga Yuli, 2024 kuwa, kuskure ɗaya a sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike, mai aiki a cikin kanel, ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci. Manhaja ta yi kuskure, ita kaɗai ke mutuwa. Kanel ya yi, na'urar ce gaba ɗaya ke tsayawa. Shi ya sa Linux ya daina bayyana teburin kiraye-kirayensa tun daga siga ta 2.6, Microsoft kuma ya kafa PatchGuard a 2005 don hana taɓa kanel ɗin Windows.

Yanzu mu dawo kan teburinku. Mai POS ya kawo waya, ya ce tun da aka yi mata rutin manhajar banki ta ƙi buɗewa. Sai yaro ya jona kebul, ya sauko da wani kanel daga zauren Telegram, ya yi mata filashin, banki ya buɗe, a biya shi ana murna. Ɗana, ka san wanda ya gina wannan kanel? Abin da ya iya ɓoye wa banki gaskiya zai iya ɓoye maka, kuma duk lambar sirrin da mutumin nan zai danna ta gabansa za ta wuce.

Don haka ku riƙa ɗora manhajar asali ta kamfanin wayar. In gyara ya tilasta buɗe makullinta, ku faɗa wa mai ita, ku rufe in kun gama. Wanda ya zo ya ce a dasa masa abin leƙen asiri a wayar matarsa ko ta yaron shagonsa, ku ba shi haƙuri; dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana tare saƙonnin mutane ba da izini ba, kuma cin amana ne tun kafin doka ta yi magana.

Ban ce ku daina bincike ba. Ku sami tsohuwar waya da ba kowa a kanta, ku lalata ku gyara har ku gane. Ku koyi SELinux da seccomp, halastattun hanyoyin da Android kansa ke bi wajen taƙaita manhajoji. Amma wayar da aka miƙo muku, da hotunan iyali da kuɗin jari a ciki, ajiya ce, ku mayar da ita ba tare da kun bar kowa a cikinta ba. Allah Ya tsare ku, Ya ba ku halal mai albarka.