DARASI: YADDA ZA KA GINA SITON ABINCIN KAJI DA KIFI WANDA DANSHI BA ZAI SHIGA BA

Darasinmu na yau a kan ɗakin ajiyar abinci ne. Yawancinmu sai mun gama gina ɗakin kaji da tafkin kifi, kuɗi sun ƙare, sannan mu tuna ba mu tanadi inda za mu sa buhu ba. Alhali fiye da rabin kuɗin kiwo a abinci suke tafiya.

Ni ma haka na yi. A shekarata ta biyu da fara kiwo na ga abinci yana ta tashi, sai na tattara abin da ke hannuna na sayi buhu 20 a lokaci guda. Na jibge su a wani ɗan ɗaki a bayan gida, kai tsaye a kan siminti, a jingine da bango. Watan Agusta ne. Bayan kamar sati uku na zo ɗaga buhun ƙasa, na ji ya yi ɗumi, abincin ya dunƙule, ga wari. Buhu 6 suka lalace, kuma ko ɗigo ɗaya rufin bai yi yoyo ba. Daga ƙasa da bango danshin ya shigo.

Kuskuren da ya fi wannan shi ne na shanya abincin a rana na ci gaba da ba kajin, don ina ganin asara ce in zubar. Ƙwai ya ragu, kaji suka yi laushi, na ƙara kashe kuɗi a magani.

ME YA SA DANSHI YAKE DA HATSARI?

Idan masara, ƙuli-ƙuli ko abincin buhu suka sha danshi a wuri mai ɗumi, funfuna takan kama su. Wata irin funfuna tana fitar da guba da ake kira aflatoksin. Tana lalata hanta, tana hana girma, tana rage ƙwai, tana raunana garkuwar jiki har rigakafin da ka yi ya kasa aiki yadda ya kamata. A shekarar 1960 a Ingila talo-talo wajen 100,000 suka mutu, da aka bincika aka gano daga garin gyaɗa ne da aka shigo da shi daga Brazil. Daga nan duniya ta san wannan guba. Shanya a rana yana busar da abinci, amma ba ya mayar da shi mai aminci. Ko dafawa ba ta kashe gubar.

Abincin kifi kuma akwai mai a cikinsa. In ya sha danshi da zafi man yakan lalace, ƙwayoyin su marmashe, su ɓata maka ruwa, tarwaɗa ta ƙi ci.

Ta hanya uku ruwa ke shiga sito: ta ƙasa, ta rufi da bango, da ta iska. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

1. WURI DA GIRMA

Kafin ka kira magini, ka tuna inda ruwa ke kwanciya a gidanka da damina, ka guje shi. Zaɓi tudu, nesa da kwata, rijiya da inda kake zubar da ruwan tafkin kifi. Kada ka haɗa sito da ɗakin kaji a bango ɗaya. A nan arewa ruwan da ke zuwa da iska galibi daga gabas yake bugowa, don haka kada ƙofa ta kalli gabas.

Girma kuma lissafi ne. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 100 kenan za su ci kusan kilo 12 kullum, wato buhu mai kilo 25 kusan duk kwana biyu, kamar buhu 14 a wata. Ɗaki mai ƙafa 8 da ƙafa 10 ya ishi mai irin wannan adadi, har da wurin wucewa.

2. ƘASA

Nan ne mafi muhimmanci, domin rufi in ya yi yoyo gobe ka gyara, amma daɓe in an zuba shi ba daidai ba sai dai a fasa.

Ka ɗaga ginin aƙalla layin bulo biyu sama da ƙasar tsakar gida. A cika da jar ƙasa, a jiƙa, a daddale sosai. A zuba tsakuwa, a bi da yashi kaɗan don ya rufe kaifin dutse. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar taƙi guda, kuma ta hau kan bulon da ke kewaye. A kanta za a zuba kankare mai kaurin inci 4: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Wannan shi magina ke kira DPC.

Siminti yana tsotse ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ledar nan ita ke yanke hanyar. In magini ya ce maka ba sai an sa ba, ka dage. Kuɗinta bai kai na buhun abinci biyu ba.

A riƙa ba daɓen ruwa har kwana 7, sannan a bar shi ya bushe makonni kafin a sa kaya. Ga gwaji: manna leda a daɓe da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga gumi, bai bushe ba.

3. BANGO DA RUFI

A yi wa bango fulasta ciki da waje. In ginin ƙasa ne, a fara da bulon siminti ko dutse daga tushe, a kula da bangon gabas musamman. A kewaye gindin ginin da siminti mai gangara zuwa waje, faɗin ƙafa 2.

Rufi ya zama mai gangara sosai, kwano kuma ya zarce bango da ƙafa 2 ta kowane gefe. Ka ce wa kafinta ya buga ƙusa a tudun kwano, ba a kwarinsa ba, don ta kwarin ruwa ke bi. Katakon kuma a shafa masa maganin gara kafin a ɗora.

4. ISKA

Ɗakin da aka toshe ruf yana tara gumi. Kwano ya yi zafi da rana, ya huce da dare, da asuba sai ka ga ruwa yana ɗiga daga cikinsa. Maganinsa silin, da ƙananan tagogi biyu masu kallon juna can sama a ƙarƙashin rufi. A sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan ido saboda ɓera da tsuntsu. Ƙasan ƙofa kuma a lulluɓe da falle na ƙarfe.

YADDA ZA KA JERA BUHU

Ko da sitonka ya yi kyau, kada buhu ya taɓa ƙasa. Ka sa katako ya ɗaga shi inci 4 zuwa 6. Ka bar rabin mita tsakanin buhu da bango, kada kuma jerin ya kai kusa da kwano. Rubuta ranar saye a jikin kowane buhu, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Da damina ni ba na ajiye abin da ya wuce na sati uku. Maganin feshi, taki da fetur kuma ba wurinsu ba ne.

Masu haɗa abinci da kansu, ku tabbata masara ta bushe, danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. In ba ka da na'urar awo, zuba masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka ajiye ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, koma ka shanya.

Lokacin wannan gini shi ne rani, don daɓe ya bushe kafin ruwan farko. In kuwa kana da ɗaki tuni, yau ka je ka ɗaga buhun da ke can ƙasa, ka sa hannu ciki, ka sunsuna. In ya yi ɗumi, ya dunƙule ko ya canza kala, kada ka ba kaza, kada ka ba kifi. Ni na gwada, abin da na kashe a magani ya fi kuɗin buhun.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.