Yadda Na Bi Sawun Kakana Zuwa Yaƙin Bama

A gidanmu duk yaron da ya tashi ya san cewa kakanmu, mahaifin babana, ya je yaƙin Bama. Labarin ne dai kowa da irin nasa. Baffana cewa yake tsoho shi kaɗai ya kama Japanawa bakwai. Wani maƙwabcinmu kuwa, da gardama ta yi zafi, ce mana ya yi, "Ku daina cika baki, dako kawai ya je yi wa Turawa." Ni ban riski kakan ba, ya rasu tun ba a haife ni ba. Kakata ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji daga bakinsa, ita ma ga tsufa. A hutun da ya wuce na ce bari in nemi gaskiyar abin kafin ta tafi da shi. Ga matakan da na bi, ko wani cikinku zai amfana.

Fara da ɗakin tsohuwa

Kafin ka sayi data, je ka zauna gaban tsofaffi. Na kunna rikoda a wayata na ce, "Hajiya, me yake cewa game da tafiyar?" Ta ce, "Kai ɗan nan, ai ba ya son zancen. Ya dai ce sun daɗe a jirgin ruwa, kuma abincinsu daga sama ake jefo musu." Sannan ta sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambobin yabo uku, waɗanda take kira minda, da ɗan littafin sallama da gara ta ci gefensa, da wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai zane a jiki.

Shawara ta farko: ɗauki hoton kowane shafi a wurin da haske yake, kada ka liƙa salatif, kada ka kai a yi masa laminatin. Zafin injin yana iya lalata tsohuwar takarda.

Lamba ta fi suna

Na ɗauka zan ga sunan kakana a jikin mindar. Babu. Lambobin yabon da Ingila ta raba na Yaƙin Duniya na Biyu yawanci ba a rubuta sunan mai su a jiki. Amma suna nuna inda mutum ya yi aiki. Ɗaya daga cikin namu tauraro ne mai tsinke shida, an rubuta The Burma Star, wanda ake bai wa wanda ya yi aiki a fagen Bama daga Disambar 1941 zuwa Satumbar 1945. Ke nan zuwa dai ya je.

Littafin sallamar ne ya ba ni abin kamawa. Sunan da ke ciki ba wanda muka san shi da shi ba ne. Masu ɗaukar soja a lokacin sukan rubuta sunan yanka, sai su bi shi da sunan gari. In kai Audu ne daga Zariya, ka zama Audu Zaria ke nan, kuma irinka suna da yawa a bataliya guda. Ga shi Bature yadda ya ji haka yake rubutawa, Muhammadu ya koma Momodu ko Mamadu. Shi ya sa lambar soja ta fi muhimmanci. Ta kakana ta fara da haruffan NA. Rubuta lambar a wuri uku, don ita ce ba ta da takwara.

Gano rundunarsa

Sojojin Najeriya na wancan zamani suna ƙarƙashin rundunar Afirka ta Yamma da ake taƙaitawa RWAFF, tare da na Gana, Saliyo da Gambiya. Wasu sun fara da yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga baya, a 1943, aka kafa manyan runduna biyu domin yaƙar Japan: ta 81 da ta 82. Ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, kuma birged ɗinta guda na 'yan Najeriya ya shiga dakarun Chindit na Janar Wingate. Ta 82 ta iso a 1944, ta ratsa yankin Arakan. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen ƙwace Myohaung.

To, ta wacce kakana? Nan ƙyallen nan ya yi rana. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne. Na ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye da gammo a tsakiya. Namu gammo ne da masu. Da na nuna wa Hajiya ta ce, "Ashe gammo ne! Shekara nawa ina ganinsa na zaci zobe ne."

Sunayen wuraren nan ma ba baƙi ba ne a gare mu, ba mu dai lura ba ne. Barikin Dalet a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga wancan yaƙin aka samo su.

Inda takardun suke

Wuri na farko, kuma kyauta, shi ne shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wato CWGC. Ku lura, waɗanda suka mutu kawai take da su. Kakana ya dawo, saboda haka ba ya ciki. Amma Hajiya ta ce akwai abokin tafiyarsa, ɗan garinsu, da bai dawo ba. Na neme shi da rubutu iri uku, na samu mutum fiye da ɗaya masu wannan suna. Raina ya so in zaɓi guda in ce shi ne. Ban yi ba, don babu lamba babu hujja. Waɗanda ba a san kabarinsu ba a Bama, an rubuta sunayensu a dutsen tunawa da ke maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, sunaye kusan 27,000, cikinsu har da namu.

Na biyu, ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan. Binciken jerin takardunsu a intanet kyauta ne, kwafi ne ake biya. Rukunin WO 172 ya ƙunshi littattafan da kowace ƙungiyar soja take rubuta abin da ya faru kullum a fagen kudu maso gabashin Asiya. WO 173 na Afirka ta Yamma ne, WO 373 kuma na waɗanda aka ba da sunansu don lambar bajinta. Kada ka sa rai da yawa: hafsoshin Turawa ake yawan ambata da suna, ƙananan sojoji baƙar fata sau da yawa adadi ne kawai. Amma in ka san ƙungiyar kakanka, za ka iya sanin inda suka kwana a rana kaza.

Na uku yana nan kusa: ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke, da Arewa House. Sai kuma ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a jiharku. Je da katin makaranta da haƙuri.

Abin da na samu

A layin da aka rubuta ƙungiyarsa, littafin ya nuna "Aux Gp". Na kwana biyu kafin na gane. Ƙungiyoyin taimako ne, sojoji masu lamba da albashi, amma aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, sassan manyan bindigogi, da gadon ɗaukar masu rauni. Tsaunuka da kurmin Arakan mota ba ta shiga. Jirgi ya jefo kaya, su su kwasa su hau dutse da shi, galibinsu ba bindiga a hannu, wuta kuma ba ta tambayar wane ne mai dako.

Ke nan maƙwabcinmu bai yi ƙarya ba, rainin ne ba shi da wuri. Japanawa bakwai kuwa ban gan su a ko'ina ba. Baffana ya yi fushi, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce. Wallahi ni ma da farko jikina ya yi sanyi. Da na faɗa wa Hajiya, ta yi shiru, can ta ce, "Shi ya sa har ya rasu yana kukan wuya. Allah ya jiƙansa."

'Yan uwa ɗalibai, ana koya mana a darasin furojet cewa ka raba abin da ka ji da abin da ka tabbatar. Ni a nan na fahimci darasin. Na buɗe littafi mai layi biyu, ɗaya "an ce", ɗaya "na gani a rubuce", kuma ban zubar da ko ɗaya ba. In a gidanku ana cewa wani ya je Bama ko Habasha, wannan hutun ka roƙi a buɗe maka akwatin, ka kuma je da wayarka cike da caji.