Darasin kiwon lafiya: damuwa da yawan tunani

A Sukukutane da ƙauyukan kewaye, in bazara ta yi, hatsi ya yi ƙasa cikin rumbu. Maigida ya leƙa, ya yi shiru. Da dare ya kwanta, barci ya ƙi zuwa. Yana tunanin iri, yana tunanin bashi, yana tunanin ɗansa da ya tafi biɗa Najeriya ko Abijan, har yanzu bai aiko ba. Uwargida ita ma ba ta huta ba. Ta yi daka, ta je rijiya, ta nemo itace, ga yaro ba lafiya.

Wannan nauyi da ke danne zuciya shi ne damuwa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Tana samun namiji da mace, mai shi da maras shi.

Abin da damuwa ke yi wa jiki

In manomi ya ga maciji a gona, zuciyarsa ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure. Jiki ne ke shirin gudu ko kare kai. Maciji ya wuce, jiki ya koma daidai. Wannan yana da amfani.

Amma tunanin rumbu ba ya wucewa kamar maciji. Yana nan safe da dare. Sai jiki ya zauna a ɗaure, kamar jakin da ba a taɓa sauke wa kaya ba. Ga alamun da ake gani:

- rashin barci, ko farkawa tsakar dare;
- ciwon kai, ciwon wuya da ciwon ciki;
- rashin son cimaka;
- saurin fushi da mata da yara;
- mantuwa, da gudun mutane.

In abin ya daɗe, yana iya ƙara hawan jini.

A raba damuwa gida biyu

Akwai abin da hannun mutum ba ya kaiwa. Ruwan sama yana ciki. Tsofaffi suna tune da farin 1984. An kuma ga fari da fara a 2004, yunwa ta biyo a 2005. Babu wanda tunaninsa ya taɓa sauko da ruwa. Irin wannan sai addu'a da haƙuri.

Akwai kuma abin da hannu ke kaiwa. Wannan ba a barinsa cikin kai, yana juyawa. A ɗauki takarda da alƙalami, a rubuta shi, a yi lissafi. Ga inda karatun yaƙi da jahilci ke da rana.

Misali: wani magidanci yana da mutum 8 a gida. Suna cin tiya 2 ta hatsi kowace rana, wato tiya 60 a wata. Da kaka ya auna abin da ya samu, ya kai buhu 9, kowane buhu tiya 40. Tiya 360 ke nan, cimakar wata 6. In an fara ci a Nuwamba, za ta ƙare a ƙarshen Afrilu. Saura wata 5 kafin sabon hatsi, wato tiya 300.

Da bai auna ba, sai tsoro kawai, ba ya sanin girman ramin. Yanzu ya sani, kuma ya sani da wuri. Yana iya rage sayar da hatsi da kaka, lokacin da yake da araha. Yana iya kama garkar albasa da rani. Yana iya sayar da akuya tun tana da ƙiba, ya sayi hatsi kafin ya yi tsada da damina. In akwai bankin cimaka a garinsu, ya je ya ji sharaɗinsa. Matsala ba ta gushe ba, amma ta zama aiki, kuma aiki ana yinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kada a riƙe shi a ciki

Mutane na cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Gaskiya ne, ba kowa ake faɗa wa asiri ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya nemi mutum guda mai amana: ɗan'uwa, aboki, liman, ko malamin makaranta. Miji da mata su zauna su yi lissafin rumbu tare, tun da ita ce ke auna abin da ake dakawa. Mai sauraro kuma kada ya yi dariya, kada ya kai maganar dandali.

Mata suna da wata hanya mai kyau, wato asusu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba ɗan abin da ta samu, mai bukata ta ranta ta biya. Daga Nijar tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Matar da ke cikin asusu ta san inda za ta nufa ranar da yaro ya kwanta. Ta kuma sami waɗanda za ta yi hira da su.

Dariya ma tana sauke nauyi. Ba'are da Bafillace in sun haɗu a kasuwa, sai tsokana da raha. A 2014 hukumar Unesko ta sa wasan taubasai na Nijar cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

A kula da jiki

Babba yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8. Shayi mai kauri, kofi da goro da dare suna korar barci. A rage sauraron labarin tashin hankali a rediyo ko salula gab da kwanciya. In zuciya ta tashi, mutum ya zauna, ya shaƙi iska ta hanci a hankali yana ƙirga 1 zuwa 4, ya sake ta sannu yana ƙirga 1 zuwa 6. Ya maimaita sau 10.

Wasu samari suna shan tramol, wai don su ji ƙarfin aiki su manta damuwa. Tramol yana kama mutum har ya kasa bari. Yana sa faɗuwa kamar farfaɗiya, yana cinye kuɗi. Wanda ya sha, ya ƙara wa kansa damuwa ta biyu.

Yaushe ake zuwa likita?

A je gidan likita na Sukukutane, ko babbar likita ta Dogon Dutsi:

- in baƙin ciki da rashin barci sun wuce mako 2, har mutum ya kasa aiki;
- in ciwon kai ya ƙi sauki. A auna jini. In ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka ga haka, hawan jini ne;
- in mai jego tana yawan kuka, ba ta son kula da jinjirinta;
- in mutum ya ce ya gaji da duniya, gara ya mutu.

Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɓoye maganin ƙwari da igiya, a raka shi likita ran nan. Kada a ɗaure shi, kada a buge shi. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Tambayoyi

1. Faɗi alamun damuwa guda 3.
2. Wace damuwa ce hannu ke kaiwa, wace ce ba ya kaiwa?
3. Gida yana cin tiya 3 a rana. Buhu 9 zai kai su wata nawa?
4. Wa mutum zai faɗa wa damuwarsa a garinku?