Lit da Ƙa'idojin Burauza: Gina Manhajar Intanet da Ba Za a Rushe Ta Gobe Ba

A ranar 31 ga Disamba, 2021, kamfanin Google ya daina kula da AngularJS, tsarin da ya fitar a 2010 wanda maginan shafukan intanet suka yi rububinsa shekara da shekaru. Tun a 2016 aka ga alamar haka, lokacin da Angular 2 ta fito da sabon gini gaba ɗaya, wanda tsohon aiki ba ya shiga cikinsa sai an sake rubuta shi. Kamfanoni da makarantu da ofisoshin da suka ɗora manhajojinsu a kan tsohon tsarin sai suka tsinci kansu a tsaka mai wuya: ko su kashe kuɗi su sake gini daga tushe, ko su ci gaba da aiki da tsarin da kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya daina toshe masa ƙofofin ɓarayin intanet.

Tushen matsalar a fili yake. Maɓalli ko kalanda ko fom ɗin rajista da aka rubuta domin wani tsari, a cikin wannan tsarin kaɗai yake aiki. Wanda aka yi wa AngularJS ba ya shiga React, na React ba ya shiga Vue. Mai manhajar ya zama kamar wanda ya yi gini a filin aro. Ranar da mai fili ya canza shawara, gini ya tashi.

Abin da ba ya tashi shi ne abin da burauza da kanta ta sani. Shafin da aka rubuta da HTML zalla a shekarun 1990 har yau yana buɗewa a Chrome da Firefox da Safari, domin masu ƙera burauza suna matuƙar gudun karya abin da aka riga aka amince da shi a matsayin ƙa'ida. Wannan ne ya sa Alex Russell, injiniya a Google a lokacin, ya gabatar da tunanin Web Components a taron Fronteers na birnin Amsterdam a 2011: a ba magini ikon ƙirƙirar nasa alamomin HTML, burauza ta karɓe su kamar nata. Ƙa'idoji uku ne suka haɗu suka ba da wannan. Custom Elements tana ba da damar yi wa sabuwar alama rajista, da sharaɗin sunanta ya ƙunshi karan ɗori, kamar katin-dalibi, don kada ya ci karo da alamar da HTML za ta ƙara nan gaba. Shadow DOM tana killace cikin alamar, ta yadda adon CSS na shafi ba zai ɓata ta ba, nata kuma ba zai malalo waje ba. Ta ukun ita ce alamar template, wadda ke ajiye zubin HTML har sai an buƙace shi. Chrome ta karɓi tsayayyen nau'insu a 2016, Safari ta biyo baya, Firefox 63 a Oktoba 2018, sai Edge a Janairu 2020.

Ana iya rubuta irin wannan alama da JavaScript zalla, amma aiki ne mai gajiyarwa, domin duk sauyin da ya samu bayani sai magini ya bi da hannu ya sabunta abin da ke kan allo. Wannan wahalar ce laburaren Lit ya ɗauke. Buɗaɗɗiyar manhaja ce da ta samo asali daga Google, mai lasisin BSD, kowa na iya karanta rubutunta a GitHub, ya gyara, ya yi kasuwanci da ita. Nauyinta kusan kilobait 5 ne idan an matse ta. Magini yana bayyana waɗanne bayanai ne ke canzawa, ya rubuta zubin HTML a cikin JavaScript ɗin da burauza ta riga ta iya karantawa, Lit kuwa ta riƙe wuraren da ke canzawa, ta taɓa su kaɗai idan bayani ya sauya. Abin da ke fitowa daga ƙarshe alama ce ta gaske, wadda za a iya sakawa a shafin WordPress ko na Django ko cikin manhajar Vue. Lit 2 ta fito a 2021, Lit 3 a 2023. Da ita Adobe ya gina fuskar Photoshop na intanet, da ita kuma aka gina fuskar Home Assistant, don haka babu batun cewa ta ƙananan ayyuka ce kawai.

Sai dai tarihin Lit ɗin kansa yana ɗauke da gargaɗi. Magabaciyarta, Polymer, wadda Google ya bayyana a 2013, ta ginu ne a kan daftarin farko na waɗannan ƙa'idoji, tun sauran burauzoji ba su amince da shi ba. Mozilla, mai burauzar Firefox, ta ƙi karɓar ɓangaren da ake kira HTML Imports, ya mutu. Da YouTube ya sake fasalinsa da Polymer a 2017, ya dogara da tsohon nau'in Shadow DOM da Chrome kaɗai ke da shi, har wani ma'aikacin Mozilla ya koka a bainar jama'a a 2018 cewa shafin yana nauyin buɗewa a Firefox da Edge. Chrome da kanta ta cire tsohon nau'in a 2020. Saboda haka shawara ta farko ga magini ita ce kada ya yarda da kalmar ƙa'ida daga bakin kamfani ɗaya. Ya duba shafin MDN ko na Can I Use, ya tabbatar Chrome da Firefox da Safari duk sun fitar da abin. Ko a yau akwai ɓangaren Custom Elements, wanda ke faɗaɗa alamomin asali irin su button, da Safari ba ta karɓa ba. Barin sa ya fi.

Wanda ke riƙe da tsohuwar manhaja kuma kada ya rushe ta a rana ɗaya. GitHub ya ɗauki shekaru yana zare laburaren jQuery daga shafinsa kaɗan-kaɗan kafin ya sanar da kammalawa a 2018, yana maye gurbin wasu sassa da alamomin da ya ƙirƙira. Hanyar ita ce a fara da ƙaramin sashe da ake maimaitawa ko'ina, kamar akwatin zaɓen kwanan wata, a rubuta shi da Lit, a saka shi cikin tsohon shafin, a ga yadda ya zauna, sannan a ɗauki na gaba. Masu React ma sun samu sauƙi, domin React 19 da ta fito a Disamba 2024 ta gyara yadda take miƙa bayanai ga irin waɗannan alamomi. Ƙungiyar da manhajarta ta React ke aiki lafiya ba ta da dalilin ƙaura; sassan da za a raba tsakanin ayyuka daban-daban su ne suka cancanci wannan hanya.

Killacewar Shadow DOM ita ce inda sababbi suka fi yin tuntuɓe. Mai zane zai canza launin shafi ya ga maɓallin ya ƙi canzawa, ya ɗauka lalacewa ce, alhali haka aka tsara. Mafita ita ce tun farko a buɗe ƙofofi da gangan, ta hanyar CSS variables da ke ratsa shingen, da kuma umarnin CSS mai suna ::part. Fom ma yana da nasa: akwatin rubutu da ke cikin shingen ba ya aika abin da aka cika tare da fom ɗin waje, sai an haɗa shi ta ElementInternals, wadda Safari ba ta samu ba sai a nau'in 16.4 na 2023. Mafi muhimmanci shi ne makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Lakabin da ke waje ba ya gane akwatin da ke cikin shinge ta lambar shaidarsa, don haka a ajiye lakabi da akwatinsa a ɓangare ɗaya, a kuma gwada da TalkBack ko NVDA kafin a saki aiki. Lit kuma ba cikakken tsari ba ce irin Angular. Yadda za a bi daga shafi zuwa shafi da inda za a tara bayanan manhaja, magini ne zai zaɓa.

Ga mai gina wa mutanen Kano ko Maraɗi, ƙarancin nauyin nan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin masu shiga shafin da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suke zuwa, irin su Tecno da itel, suna kuma lissafin data, kuma JavaScript mai yawa tana cin data tana kuma wahalar da ƙwaƙwalwar waya. Amma akwai Opera Mini, wadda a yanayinta na tsananin tsimin data take sarrafa shafi a sabar kamfanin kafin ta turo shi, kuma a nan waɗannan alamomi ba sa farkawa. Dabarar GitHub ce ta dace: alamarsa ta relative-time tana ɗauke da kwanan wata a rubuce a cikinta, idan JavaScript ta yi aiki sai ta mayar da shi zuwa irin "kwana uku da suka wuce", idan ba ta yi ba mai karatu ya ga kwanan watan yadda yake. Sakamakon jarrabawa, farashin kaya, lambar waya da adireshi duk su zo a cikin HTML ɗin da saba ta aiko, alamar Lit ta zo ta ƙara musu sauƙin amfani. Kafin a miƙa aiki ga mai shi, a kashe JavaScript a buɗe shafin a ga abin da ya rage, sannan a buɗe shi a waya mai rahusa a wurin da sabis ke da rauni.