Taron Tsintsiya Ba Shara: Yadda Za Ka Jawo Waɗanda Suka Dace Zuwa Zaman Bita

Da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, sai ka ga ƙungiyoyin bita na tsirowa kamar ciyawar damina. Ranar farko mutum arba'in, ranar uku mutum huɗu. Matsalar a wajen gayyata take: an kira kowa da kowa, sai 'yan kallo suka cika ajin, masu buƙatar kuma suka gudu saboda surutu.

Kuma abin ba wasa ba ne. A ƙa'ida, mai ND da ke son HND sai ya fita da maki 2.50 ko sama da haka, sannan ya yi shekara ɗaya ta koyon aiki. Kwas ɗaya mai nauyi na iya jawo ka ƙasa da wannan layin. To, ta yaya za ka tara waɗanda zamansu zai amfane ka, kai ma ka amfane su?

Na farko, fayyace wa kake nema. Sanarwar da ta ce "duk mai son karatu ya zo" ba ta kira kowa ba. Gwada haka: "'Yan ND II Lantarki da kalkulas ke ba wa wahala, za mu warware tambayoyin bara ranar Asabar." Wanda abin ya shafa yana gani zai ce, "Ai da ni ake."

Na biyu, bi su inda suke. Tsaya bakin aji bayan lakcar wannan kwas ɗin, ka yi wa mutum biyar magana baki da baki. Nemi wakilin aji ya sanar. Kada ka manta da masu kari-oba. Sun san inda takalmin ke matsi, kuma da wuya su yi fashi.

Na uku, lokaci da wuri su ne ke tace mutane. In ka sa ƙarfe goma na dare a hostel ɗin maza, ka kori 'yan mata, matan aure da masu zuwa daga cikin gari tun ba a fara ba. Bayan La'asar, a aji buɗaɗɗe, ya fi ɗaukar kowa.

Na huɗu, ranar farko ka ba su abin tafiya da shi. Ban da dogon jawabi, ban da zaɓen shugaba da ma'aji. Ku warware tambayoyi uku har ƙarshe. Wanda ya fita da abin da bai iya ba da safe, gobe shi zai kawo abokinsa, kuma irinsa zai kawo.

Na biyar, kowa ya ɗauki babi ɗaya ya koyar. Wannan dokar kaɗai ta isa ta sallami masu zuwa hira da masu farautar satar amsa, ba sai an yi faɗa ba.

Kada yawa ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Mutum takwas da kowa ke zuwa da biro da tambaya sun fi hamsin da ke latsa waya. Ɗauki takarda yau, rubuta kwas ɗaya da sunaye biyar, ka fara da su. Allah Ya ba mu sa'a.