AJIYAR KUƁEWA CIKIN RUWAN KHAL, DA KAYAN YAJIN DA SUKA DACE

Ya manomi, ka sani da kaka kuɓewa ta kan yi yawa har ta rasa mai saye. Mutanenmu su kan yayyanka ta su shanya, su daka, su yi miyar busasshiyar kuɓewa da rani. Wannan hanya ce mai kyau, kada a bar ta. Amma akwai wata hanya kuma wadda mutanen kudancin Amurka su ke bi, inda kuɓewa ta isa daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Su kan jiƙa ta ɗungum cikin kwalba, su ci ta haɗe da nama ko shinkafa.

1. ABIN DA KE TSARE KUƁEWA

Lalle ne ka rarrabe abu biyu. Ruwan khal da gishiri su ne masu tsaro. Kayan yaji kuwa daɗin baki kaɗai su ke bayarwa. Khal wani ruwa ne mai tsami ƙwarai wanda a ke sayarwa cikin kwalba a kanti. Ka duba takardar jikinta, ka sayi wanda ƙarfinsa ya kai kashi 5 cikin 100.

Dalili ke nan. Akwai wata ƙwayar cuta cikin ƙasa, ido ba ya ganinta. Idan ta sami abinci rufaffe, inda ba iska, ba tsami, sai ta haifi dafi mai shanye jiki, har ya kan kashe mutum. Sau da yawa abincin ba ya wari, ba ya sāke kama. Tsami mai ƙarfi ya kan hana ta. Kuɓewa kuwa ba ta da tsami na kanta, saboda haka tilas a ba ta.

2. KAYAN YAJI

Ga awon kuɓewa laba 7, wadda za ta cika kwalabe 8 ko 9 na rabin lita:

Khal, kofi 6. Ruwa, kofi 6. Gishiri, sulusi biyu na kofi.
Tafarnuwa, ƙwaya ɗaya ga ko wace kwalba.
Barkono, ƙanana 6, a rarraba.
Ƙwayar dil, ƙaramin cokali 4. Dil wani tsiro ne mai ƙanshi. Waɗansu su kan haɗa shi da ƙwayar mastad.

In ba ka sami dil ba, babu laifi. Masoro ko kanumfari kaɗan ya isa, sai dai kanumfari ya kan danne sauran in ya yi yawa. Ka sa su ƙwayarsu ɗungum, gama dakakken yaji ya kan gurɓata ruwan.

3. ABIN DA BA A SAWA

Kada ka sa kanwa ko kaɗan. Mata su kan sa ta a miyar kuɓewa, amma aikin kanwa kashe tsami ne. In ta shiga kwalba, ta kashe mai tsaron. Haka nan kada ka sa daddawa ko mai. Kada ka ƙara ruwa domin tattalin khal. Kada kuma ka musanya khal da jiƙon tsamiya ko ruwan tsami na gida, gama ba wanda ya san awon ƙarfinsu.

4. YADDA A KE YI

Ka tsinki kuɓewa ƙanana masu taushi, kamar tsawon yatsa, ka wanke. Ka rage kan, amma kada ka huda cikin, domin kada yauƙi ya fita. Ka jera su tsaitsaye cikin kwalabe masu tsabta tare da yajin. Ka tafasa khal da ruwa da gishiri, ba a tukunyar jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe ba, gama tsami ya kan ci su. Ka zuba da zafinsa, ka bar rabin inci a baki, ka rufe. Sa'an nan ka nutsar da kwalaben cikin tafasasshen ruwa. A bakin teku minti 10 ya isa, amma Kano da Zariya da Jos suna kan tudu, inda ruwa ke tafasa tun zafinsa bai kai ba, saboda haka minti 15.

Ka ajiye a inuwa kamar wata guda kafin a ci. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ruwanta ya yi kumfa, a zubar, kada a ɗanɗana.

ABIN TUNAWA

Yaji ka sāke yadda ka ga dama. Awon khal kuwa, kada ka taɓa shi.