Kafin Ka Ce Ya Mutu

Zo nan, ɗana, ja benci ka zauna. Ba faɗa zan yi maka ba. Jiya da la'asar ina daga ciki na ji lokacin da kake gaya wa dattijon nan mai maɗaba'a cewa sidi-rom ɗinsa ya yi kwandem, ya je ya nemo wani. Na yi shiru ne don ba na so in gyara maka magana a gaban kwastoma. Amma ina kallon agogo, ko minti goma ba ka ba abin nan ba. Ka jona, ka kunna, ba ka ga harafin D ba, shi ke nan ka yi masa jana'iza ka jefa shi kwali.

Ban ga laifinka sosai ba. Kun taso kun tarar da kwamfuta mai gane baƙo da kanta, ka soka filas, kafin ka ƙifta ido ta buɗe. Ta dattijon nan ba haka take ba. DOS ce a kanta, ita kuwa DOS ta fito a 1981, sidi-rom bai shigo kasuwa ba sai wajen 1985. Ka ga ke nan an gina gidan kafin a san za a yi wannan baƙon. Idan ba ka gabatar da shi ba, zai kwana a ƙofar gida, fitilarsa na ci, tirensa na fita yana komawa, masu gida kuwa ba su san da zuwansa ba.

Mutum biyu ne ke shigar da shi. Na farko shi ne wanda muke kira direba, ko da yake aikinsa ya fi kama da na tafinta, don shi ke jin yaren ƙarfen, ya ce masa juya, tsaya, karanto nan. Na biyu MSCDEX, wanda Microsoft ta riƙa haɗawa cikin DOS tun daga ta 6.0 a 1993. Shi kamar mai unguwa yake: ya san yadda ake jera fayil a kan faifai, kuma shi ke ba baƙo masauki, wato harafi. Tafinta ba mai unguwa, ba masauki. Mai unguwa ba tafinta, ba wanda zai yi wa magana.

Amma kafin ka taɓa kibod, tambayi baƙon ko shi ɗan ina ne. Matambayi ba ya ɓata. Kashe wuta, zare shi, karanta takardar da ke manne a bayansa. Yawancin waɗanda aka yi daga tsakiyar shekarun 1990 irin IDE ne, masu hawa kebul ɗin nan mai faɗi, mai fil 40. Waɗanda suka girme su kuwa, kowane kamfani da yarensa: Sony daban, Mitsumi daban, Panasonic daban, kuma galibi a jikin katin sauti ake jona su, irin Sound Blaster, ba a jikin bod ba. Ga inda tarkon yake: bakin na Panasonic shi ma fil 40 ne. Ido zai ce maka ɗaya ne, kebul ma zai shiga lafiya lau, amma ba za su taɓa jin juna ba, wani lokaci har a yi ɓarna. Shiga ba ita ce dacewa ba.

In ka tabbatar IDE ne, duba jan layin da ke gefen kebul, shi ke nuna fil na ɗaya, kuma a bayan sidi-rom yakan fuskanci wajen soket ɗin wuta. Sannan ka dubi jamfa, ba ta sawa ba, 'yar baƙar robar nan da ba ta kai ƙwayar wake ba. Za ka ga an rubuta MA, SL da CS a samanta. Kebul ɗaya na ɗaukar na'ura biyu, amma dole ɗaya ya zama babba, ɗaya mai bi masa. Idan rumbun kwamfuta yana kan MA, sidi-rom ma yana kan MA, ka naɗa sarki biyu a gari ɗaya, sai ka ga duka biyun sun ɓace.

Sai a zo ga rubutu. Kafin ka canza ko wasali ɗaya a CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, kwafi kowanne ka ajiye da wani suna, kuma ka tanadi filofin da zai iya tayar da injin. Ka san halin wutarmu, ba ta sallama in za ta tafi. Direban da ya fi yi mana rana shi ne OAKCDROM.SYS na kamfanin Oak Technology, wanda ke cikin filofin tayar da Windows 98, domin kusan duk wani na IDE yana jin yarensa. Ka kwafe shi zuwa inda DOS take, sannan a CONFIG.SYS ka ƙara wannan layi:

DEVICE=C:\DOS\OAKCDROM.SYS /D:MSCD001

A AUTOEXEC.BAT kuma ka ƙara wannan:

C:\DOS\MSCDEX.EXE /D:MSCD001

Dubi abin da ya biyo bayan /D: a layukan biyu. Suna ne kawai, kana iya sa duk wanda ka ga dama muddin bai wuce harafi takwas ba. Sharaɗin ɗaya ne: sunan da tafinta ya amsa, shi mai unguwa zai kira. In kana son wani harafi can gaba, ka ƙara /L: da harafin, amma ka tuna DOS a kan E take tsayawa sai ka buɗe mata hanya da LASTDRIVE. In kuwa irin na katin sauti ne, Oak ba zai yi maka komai ba, sai nasa na gida, kamar SBCD.SYS ga na Panasonic.

Wannan maganar suna, da kunya na koye ta. Ina saurayi kamarka, wani malamin makaranta ya kawo mini kwamfutarsa zan sa masa Windows 95. Lokacin abin kamar wasa yake: Windows na kan faifai, faifai ba ya karantuwa sai da direba, in ba haka ba sai ka bi filofi 13 ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta layukan nan da ka, don ina ganin na iya. Allo ya ce bai ga direba ba. Na sake kebul, na sake jamfa, na hura, na bubbuga, daga ƙarshe na ce masa ya mutu. Bawan Allah ya jira albashi ya sayo sabo. Na jona sabon, allo ya maimaita maganarsa ta jiya, kalma da kalma. A daren nan, da fitilar ƙwai a gefena, na ɗora yatsa a kan gilashi ina bin layin harafi-harafi, sai na ga a wuri ɗaya na sa sifiri, a ɗayan na sa harafin O. Tsohon nasa lafiyarsa ƙalau. Da safe na gaya masa gaskiya. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, “Allah ya kiyaye gaba.” Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na riƙe abu biyu. Na ɗaya, in allo ya yi magana, a karanta. Danna F8 lokacin da DOS ke tashi, za ta riƙa tambayarka layi-layi, ka ga daidai inda aka yi tuntuɓe. Idan direba ya ce bai ga na'ura ba, koma kan kebul da jamfa. Idan MSCDEX ne ya yi ƙorafi, koma kan suna. Na biyu, abu ɗaya ake canzawa a sake kunnawa. Wanda ya canza uku a tare, ko ya dace bai san abin da ya gyara ba, gobe ma haka zai sake lalube.

Ko harafin ya fito, kada ka yi saurin hukunci in ya ƙi karatu. Ƙurar hunturu na zama a kan idonsa, ɗan auduga da sifirit a hankali sukan isa. In tire ya ƙi fita, yawanci 'yar robar da ke jan sa ce ta saki, ga ƙaramin rami nan a gaba, miƙe waya siririya ka tura, zai buɗe. Kuma tsofaffi da yawa ba sa ganin faifan CD-RW, don haskensa bai kai na faifan kamfani ba. Gwada shi da faifan zamaninsa tukuna.

Za ka ce, Baba, duk wannan wahala a kan abin da ba ya ko kuɗin kati? Ba ƙarfen dattijon ya zo nema ba. Faifan nan ɗaya yana cin megabayit 650, fiye da filofi 400, shi kuwa da jaka guda ya zo, aikin shekaru ne a ciki. Bai san jamfa ba, bai san direba ba, bakinka kawai yake kallo. In ka ce ya mutu, a wurinsa ya mutu, kuma aljihunsa ne zai biya abin da ba ka bincika ba. Wata rana za ka bi duk matakan nan ka tarar da gaske ya mutun. Ranar ka faɗa kanka tsaye, ka yi haƙƙinsa. In kuma abu ya fi ƙarfinka, “ban gano ba tukuna” ba ta rage wa mai sana'a komai.

Na ciro shi daga kwalin, ga shi can kan teburinka. Na leƙa bayansa, na ga abin da na gani, amma ban taɓa komai ba, kuma ba zan gaya maka ba. Filofin yana cikin durowar hagu. Dattijon ya ce zai biyo bayan azahar, kai za ka yi masa bayani. Tashi ka fara, Allah ya yi maka albarka.